Gwiwar Injiniya

A maɗaba'ar kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Wata rana can baya injin yankan takarda ya ƙi tashi, ya kai masa mari da tafin hannu, injin ya kama aiki, shi ke nan suna ya bi shi. Shi ne shugaban sashen ɗinkin littattafai, can a hawa na uku, inda zafin kwano da warin gam suke haɗuwa su raka mutum har gida. Ya haura hamsin, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, kuma a ganinsa ranar da bai zo aiki ba littafi ɗaya ba zai fita da bango a daidai ba.

Ranar da abin ya faru, mai kawo abincin rana ce ta iso, wani ya leƙo ya ce nama ya kusa ƙarewa. Injiniya, wanda ko gobara aka ce ta tashi sai ya gama saƙala biro a aljihu, ya sauko a guje. A matakalar ƙarshe takalmi ya kwashe shi, ya zo ƙasa da gwiwar dama, ƙoƙon ya daki bakin siminti. Kafin a tashi aiki labarin ya sake riga: wai katan ɗin littattafai ne zai faɗo wa wata ma'aikaciya a ka, shi kuwa ya yi kukan kura ya tare. Kafin mako ya zagayo, katan ɗin ya zama biyu.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce babu karaya, babu tsagewa, buguwa ce kawai. Ya ce ya huta na 'yan kwanaki, ya riƙa ɗora ƙanƙara, sannan ya fara takawa a hankali. Cikin duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta samu wurin zama a kunnen Injiniya, wato hutu. Ya koma gida ya mamaye doguwar kujerar falo, matashi a ƙarƙashin gwiwa, bandeji tun daga ƙauri har cinya, rimot a hannun dama, sanda a hagu don nuna abin da yake so a miƙo masa. 'Yan kwanakin likita suka haihu suka yi jikoki.

Kumburin ya saɓe, tabon ya dushe. Amma ranar da ya ce bari ya koma aiki, sai ya tarar gwiwar ta koyi sabon hali. Idan ya daɗe a zaune, tashi sai da cije leɓe. Hawa matakala da ɗan dama, sauka kuwa kamar ana tura masa ƙusa a ƙarƙashin ƙoƙon. Tsuguno ya zama tarihi. Ga kuma ƙarar. Duk lanƙwasawa sai ta ce ƙurus-ƙurus, kamar mai tauna shinkafa da tsakuwa.

Ciwon gaskiya ne, wannan ba a yi masa ƙarya ba. Karon farko da ya ji ƙarar, shi kaɗai a banɗaki, sai da ya tsorata. Amma da ya fito ya sa matarsa ta ɗora hannu ta ji, ya ga ta ɗan zaro ido, sai wani abu mai kama da alfahari ya ɗarsu a ransa.

"Kin ji ko? Ƙashi ne yake cin ƙashi."

Matar malamar firamare ce, ta yi shekaru tana fama da yaran da ciki ke murɗa musu ranar jarrabawa kaɗai. Ta ce, "Na ji, Malam. Allah ya sawwaƙe. To shi ƙashin da yake ci, ya ce kada ka ɗauke kofinka daga kan tebur ne?"

Manajan maɗaba'ar mutum ne mai gudun magana. Da ya ga Injiniya ya tsaya a gindin bene yana kallon sama kamar mai shirin hawa dutse, sai ya sa aka sauko masa da teburinsa ƙasa, kusa da ƙofar shiga, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Na wucin gadi, in ji shi. Mataimakinsa, wani siririn mutum marar hayaniya da ake kira Dogo, shi ya koma hawa da sauka, yana kawo samfurin aiki a duba, yana mayar da umarni.

Nan Injiniya ya gano cewa duk shekarun nan zaluntarsa aka yi. Ashe a ƙasa ake rayuwa. Ga sanyi, ga jarida, ga kowane baƙo sai ya bi ta gabansa. Mai kawo takarda, mai karɓar kalanda, marubucin da ya zo faɗa kan kuskuren bugu, duk wanda ya yi gangancin cewa "ya jiki?" sai ya samu kujera. Injiniya ya naɗe ƙafar wando, ya kamo hannun mutum ya ɗora a kan gwiwar, ya lanƙwasa a hankali yana kallon fuskarsa. Ƙurus-ƙurus. In mutum ya yamutsa fuska, ranar ta yi kyau.

Ƙanin matarsa bakanike ne, kuma tsakaninsu akwai wasa. Ya zo dubiya, ya saurari gwiwar da kunne ɗaya kamar yadda yake sauraren inji, ya miƙe yana goge hannu.

"Yaya, giris ne ya ƙone. Ni da mota ce, sauke ta zan yi gaba ɗaya in sa sabuwa. Kada ka yarda ka riƙa motsa ta, kowane motsi gogewa take yi. Abin da ya rage ka tattala shi."

Wannan fatawa ta yi wa Injiniya daɗi fiye da ta likita. Daga ranar ya daina lanƙwasa ƙafar sai don nuni. Yana tafiya yana jan ta a sandare, yana dogara sanda, ya ƙara bandeji na biyu a kan na farko. Ciwon kuwa, maimakon ya gode da wannan tattali, sai ya ƙaru.

Matar ce ta gaji. Wata safiya ta ɗauki izini a makaranta, ta ce ya shirya. Likitan da ya fara ganinsa ya sake dubawa, ya tura su sashen gashin ƙashi.

Injiniya ya shiga yana tsammanin manyan injuna masu fitilu. Ya tarar da ɗaki mai gadaje uku, keken motsa jiki guda ɗaya, ƙwallaye, da wasu robobi masu launi rataye a ƙusa. Mai gashin ƙashin mace ce matsakaiciya, da gilashi a goshi, ba ta da alamar wadda za a burge. Ta bar shi ya ba da labarin katan uku bai samu katsewa ba, sannan ta ce, "Baba, a kwance bandejin nan, a hau gado."

Ta tattaɓa gefen ƙoƙon, ta tura shi dama da hagu, ta ja ƙaurin gaba da baya, ta murɗa. Ta tambaye shi ko gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana zamewa ya ji zai faɗi, ko tana cika da ruwa. Ya so ya ce e, amma matarsa na zaune tana kallonsa. Ya ce a'a.

"To dubi cinyoyinka biyu."

Ya duba. Ta hagu tana nan yadda ya san ta. Ta dama ta zube, ta yi laushi, kamar an ara wa wani rabinta.

Ta sa ya tsaya da ƙafar dama, ya ɗan durƙusa kaɗan yana riƙe da gado. Gwiwar ta karkata ciki tana rawa.

"Ka ga matsalarka," in ji ta. Ta dunƙule hannu ɗaya, ta kife ɗayan a kai. "Ƙoƙon gwiwa yana tafiya ne a cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, sama da ƙasa. Bayansa akwai guringuntsi mai santsi. Faɗuwar da ka yi ta buge shi, wurin ya yi tsami. Wannan da kansa yake lafawa. Amma abin da yake riƙe ƙoƙon a kan hanyarsa tsokar cinya ce da ta ƙugu. Ka kwantar da su wata da watanni, suka yi barci. Yanzu ƙoƙon yana gogar gefe ɗaya, shi ne ciwon da kake ji in za ka sauka ko za ka tashi."

"Ƙarar fa?" Ya faɗa da muryar wanda ya ajiye babbar hujjarsa sai ƙarshe. "Ki saurara da kyau, 'yata."

Ya lanƙwasa. Ƙurus-ƙurus. Ya jira fuskarta ta canza.

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa matarsa, "Mama, kawo hannunki." Ta ɗora shi a kan tata gwiwar, ta miƙe ƙafa ta lanƙwasa. Matar ta saurara, ta juyo ta dubi mijinta da tausayi irin na ƙeta.

"Malam, tata ta fi taka."

"Tun ina makaranta take yi, kuma ba ta taɓa yi mini ciwo ba," in ji mai gashin. "Mutane da yawa gwiwarsu na ƙara. Ƙarar kaɗai ba ta nuna ƙashi ya lalace. Ciwon muke nema mu kashe. Ƙarar tana iya raguwa, tana iya zama, ba ruwanmu da ita."

Injiniya ya ji kamar an ƙwace masa lambar girma a gaban jama'a. Ya gyara murya. "Ni dai da za a yi mini aiki a huta. A buɗe a gani."

"A buɗe a ga me? Wuƙa ba ta tayar da tsoka, Baba. In mun yi namu bai yi ba, ko ta fara maƙalewa ko zamewa, sai mu mayar da kai wurin likita a zurfafa bincike. Yanzu dai ga maganinka."

Maganin ya fi ciwon cin fuska. Ya kwanta ya miƙe ƙafa, ya matse cinya har ƙoƙon ya ja sama, ya riƙe, ya saki. Ya ɗaga ƙafar a miƙe kaɗan daga katifa, ya sauke a hankali. Ya juya gefe ya ɗaga ta sama don ƙugu. Ya kwanta rigingine ya ɗaga mazaunai. In ta yi zafi bayan nan, ƙanƙara a cikin tawul. Kada ya daɗe a zaune da ƙafa a lanƙwashe. Sanda da bandeji kuma a ba su hutu.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan, kullum. Ɗan ciwo kaɗan ba laifi. Wanda zai kwana ya tashi da kai, ka wuce gona da iri."

A mota ya ce wa matarsa yaran yanzu ba su san ciwo ba. Mutum ya zo da ƙashi a niƙe, a ce ya je ya riƙa ɗaga ƙafa kamar jariri ana canza masa ƙunzugu. Ya yi atisayen ranar farko don kada a ce, rana ta biyu ya yi rabi, ta uku ya mayar da bandejinsa. A bakin ƙofar maɗaba'a kuwa labari ya samu ƙarin babi: har ƙwararru sun duba sun rasa yadda za su yi.

Ƙwararrun da suka rasa yadda za su yi, su suka kai shi ofishin Manaja. Manajan ya kira shi wata ranar aiki da hantsi, ya ba shi kujera mai laushi, ya sa aka kawo shayi, abin da bai taɓa yi ba. Injiniya ya sha jinin jikinsa.

"Injiniya, wallahi kana ba mu tausayi. Masu kamfani sun zauna. Sun ce bai kamata mu ci gaba da wahalar da bawan Allah da gwiwarsa ta niƙe ba. Ga aikin littattafan makarantu na tafe, sashenka kuma yana sama. Shugaban da ba ya ganin sashensa, ka san abin da wuya. Sun ce a ba ka ritaya ta rashin lafiya, cikin mutunci, har da ɗan biki. Dogo ya riƙe."

"Ranka ya daɗe, ai gwiwar da sauƙi."

"Haba, kada ka ɓoye mana don kunya. Ni da hannuna na taɓa. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi."

"Ai ƙarar ba komai ba ce. Mutane da yawa tasu na yi."

Manaja ya dube shi ta saman gilashi. "Ikon Allah. Yaushe aka gano haka?"

Da ƙyar, da haɗawa da girman shekaru, aka yarda a jira har lokacin da aikin makarantun zai fara. In ya hau, ya hau. In bai hau ba, za a sayo lemon biki.

Ranar Asabar Injiniya ya tashi da niyyar biyan bashin watanni a yini ɗaya. Ya ɗaga ƙafa har ya daina jin ta. Ya tsuguna ya tashi, abin da ba a ma ce ya yi ba. Da la'asar ya tafi wani bene da ake ginawa a bayan layinsu, ya yi ta hawa da sauka yana huci, leburori suna ba shi hanya suna kallon juna. Washegari gwiwar ta kumbura ta yi sumul kamar ƙwallo, ko wando ya ƙi wucewa.

Wannan karon shi ya roƙi matar ta kai shi. Mai gashin ta duba, ta latsa, ta ce ba abin da ya tsinke, fushi kawai gwiwar ta yi. Ta tambayi abin da ya aikata. Ya faɗa, ba ƙari ko ɗaya, wanda a wurinsa sabon abu ne. Sannan ya mayar da ido kan silin.

"'Yata, aikina za su karɓe," ya ce a hankali. "Ni ban iya komai ba sai ɗinkin littafi. In na zauna a gida, ban san me zan zama ba."

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara zaman jakarta. Mai gashin ta sauke gilashinta daga goshi.

"Baba, tsoka ba ta san Manaja ba. Ba ta jin gaggawa, ba ta karɓar haƙuri. Kaɗan kullum take so. Ka bar kumburin ya sauka, mu fara daga farko. In ka bi, ina sa ran za ka hau benen nan. In ka sake zuwa wurin leburori, ka tambaye su ko suna neman mai gadi."

Daga nan gidan ya koma aji. Kowace safiya kafin ta fita, matar ta shimfiɗa masa bargo a falo, ta tsaya a kansa da kofin shayi.

"A miƙe aka ce, Malam. Wannan lanƙwasar ta mece ce? Sake."

"Ni fa ba ɗalibinki ba ne."

"Sosai kuwa. Su suna gane abu a karo na biyu."

Makonnin farko ba abin da ya canza sai ransa da yake ɓaci. Cinyar tana rawa, gumi yana keto masa a kan abin da yaro zai yi yana dariya. A wurin aiki ya daina naɗe wando. In baƙo ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ya mayar da kai kan takarda, har wasu suka ɗauka gaba yake yi da su. Lokaci-lokaci ya miƙe ya zagaya tebur ya dawo. Mai gashin ƙashin ta ƙara masa jingina da bango yana ɗan sauka kaɗan, sannan roba a ƙafa, sannan keke, sannan hawa wani ɗan akwati da bai kai tsawon tafin hannu ba. Mutumin da yake shugabantar hawa na uku ya yi kwanaki yana koyon hawa akwati, kuma ranar da ya sauko daga kai ba tare da gwiwar ta karkata ba, sai da ya waiga ya ga ko an gani.

Sauƙin bai zo da sanarwa ba. Wata rana suna musu da ƙanin matarsa kan wasan ƙwallo, ya fusata ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa. Sai da ya kai tsakiyar magana ya lura bai dafa komai ba. Bakaniken ya dubi ƙafar, ya ce ai daman ya faɗa, inji in ana tayar da shi kullum ba ya lalacewa.

Ranar da takardun makarantu suka iso, Injiniya ya zo da wuri don kada a taru a kansa. Ya kama ƙarfen bene, ya fara. A hawa na farko gwiwar ta yi ƙararta, ya ƙyale ta. A na biyu ta ɗan ja masa kunne, ya tsaya ya huta yana karanta wata tsohuwar sanarwa a bango kamar ita ta tsayar da shi. Ya isa na uku da gumi har cikin takalmi.

Ya tura ƙofa yana shirin ganin ɓarnar da aka yi a bayansa. Ɗakin fes. An jera tebura a layi, an buɗe tagar da ya yi shekaru yana cewa ba ta buɗuwa, littattafai sun tashi reras a gefe, kowanne da bangonsa a daidai. Inda teburinsa yake a da, an girke sabon injin naɗe takarda.

Dogo ya taso da sauri. "Sannu da zuwa, Injiniya. Barka da arziki. Ba mu zaci yau ba ne. Teburinka sai an samu masu ɗaukowa, kuma sai mun ga inda zai shiga."

"A bar shi tukuna," in ji Injiniya. "An hana ni yawan zama."

Manaja ya cika alkawari, a irin tasa hanyar. Injiniya ya ci gaba da zama shugaba a takarda, tsara aiki kuma ya tsaya a hannun Dogo, tunda an ga yana tafiya. Injiniya ya haɗiye wannan da ƙyar. Ya tsaya a bakin dogon teburin dubawa, ya jawo littafi daga saman tari, ya buɗe, ya shinshina gam ɗin, ya tanƙwara bayan ya ga ko zai saki. Lafiya lau. Ya jawo na biyu, shi ma haka. Ya yi ta jawowa har hantsi ya ɗaga, ransa na ƙara ɓaci. Can a wani littafin lissafi na aji huɗu ya tarar an ɗinka shafuka goma sha shida kai a ƙasa.

Ya ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani, ya gyara tsayuwa a kan ƙafafunsa biyu, ya ce a kashe inji a kira masa wanda ya yi wannan aikin.